Ɗakin Sanyi

Shirun ne ya fara tsayar da ni. A bazarar da ta wuce, ina dawowa gida Shagari daga Sakkwato, na ce wa direba ya sauke ni a Boɗinga in gaida iyalin tsohon maigidana Alhaji, domin tun da Allah ya yi masa rasuwa ban sake taka ofishinsa ba. Na shiga ta ƙofar baya kamar yadda na saba, ƙafata ta kai ni lungun nan da kanta, sai na ji kunnena yana neman wani abu ya rasa. A da, tun kana taku goma da ƙofar za ka fara jin gunjin fankoki, wani ƙugi mara yankewa kamar ka kara kunne a jikin amya. Yanzu ko motsin ɓera babu. Na tura ƙofar. Buhunan taki ne jibge har kusa da silin, a gefe ga kwalayen maganin feshi. Tagar da na'urar sanyaya ɗaki take an toshe ta da bulo, ko yaɓe ba a yi ba. Daga silin kuma wasu guntayen wayoyi shuɗɗa guda bakwai suna reto, an datse su da wuƙa. Na tsaya ina kallonsu, don babu wadda ban san inda ta nufa ba. Wannan ta teburin akawu ce, waccan ta mai karɓar kuɗi, ta ƙarshen nan kuwa ta ofishin Alhaji ce, wadda na ja ta cikin rufi ranar wata Asabar, jemagu suna tashi a kaina.

A bayan gida na tarar da babban farantin nan da muke kira dish, an sauke shi daga kan turkensa an kwantar rigingine, an baza tattasai a ciki yana shan rana. Babban ɗan Alhaji ne ke riƙe da kasuwancin yanzu, yaron da na sani yana ɗan firamare, yana kwanciya a bakin ƙofar ɗakin nan don sanyin da ke fitowa ta ƙasa. Ya ga inda idona ya tsaya, ya zaro waya daga aljihu. "Kawu, ai mun daɗe da sallamar wanga inji. Komai shina nan ciki." Ya buɗe mini: buhu nawa ya rage a siton Shagari, nawa aka sayar a Yabo tun safe, wa ake bi bashi. Abin da na shekara tara ina gadinsa dare da rana, ga shi a tafin hannu, ba gunji, ba zafi, ba warin man gas. Na taya shi murna, kuma har cikin zuciyata. Amma da na zauna a kan benci ina jiran shayi, sai shekarun nan suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

A Sakkwato na koyi aikin, a hannun wani dattijo da ya ƙare aikin wayar tarho ya buɗe shagon intanet. Lokacin ba a daɗe da shigowar wayar salula ba. A watan Agusta na 2001 ne MTN da Econet suka fara aiki, a ƙasar da duk layukan tarhonta ba su kai rabin miliyan ba, kuma sai da aka jima kafin ƙarfen sabis ya iso garuruwa irin namu. Intanet kuwa, mai so a wannan yanki sai ya kafa dish ya fuskanci sama. Saƙonka zai hau wajen kilomita 36,000 zuwa tauraron ɗan'adam, ya sauko a wata ƙasa, amsa ta sake biyo hanyar, shi ya sa ko ranar da komai ke lafiya sai an yi jinkirin fiye da rabin daƙiƙa kafin abu ya motsa. In iskar farkon damina ta kaɗa farantin ya goce ko da faɗin yatsa ne, sai an hau da sifana, ɗaya yana juyawa a sama, ɗaya yana ƙwala kira daga ciki: "Kaɗan! Koma! Tsaya nan!"

Wata guda cur dattijon nan, Malam, bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Shara, busa ƙura, da ɗaura kan waya. Wayar netwok in ka fere bawonta za ka ga silli takwas an murɗe su biyu-biyu. Sai ka warware, ka miƙar da su tsakanin babban yatsa da manuniya har su kwanta sumul, ka jera su bisa ƙa'ida: fari mai ratsin ruwan goro, ruwan goro, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka datse bakinsu daidai wa daida, ka zura cikin ɗan kan roba mai haske, ka leƙa ka tabbata kowane silli ya kai ƙarshe, sannan ka matse da filaya har ka ji ƙas. In ɗaya ya sauya wuri Malam ba ya faɗa, yanke kan yake yi ya miƙo maka wayar ka sake. Har yau in na rufe ido jerin launukan nan suna zuwa mini kamar karatun allo. Shi ya koya mini cewa waya ɗaya ba ta wuce mita 100, in ta wuce saƙo ya fara gajiya a hanya. Kada kuma ta bi jikin wayar lantarki. Sannan ka rubuta lamba a bakinta na nan da na can. Da na tambaye shi amfanin lambar, tunda ni na ja wayar na kuma san inda ta bi, sai ya ce, "Ba don kai ba ne. Don wanda zai zo bayanka ne."

A 2006 Alhaji ya ɗauke ni aiki. Dillalin taki ne da siminti da hatsi, kuma lissafinsa ya fara fin ƙarfin manyan littattafan da tsohon akawunsa ke cikawa da biro ja da shuɗi. Aka sayo kwamfuta bakwai masu Windows XP, da saba ɗaya mai Windows Server 2003, aka ɗora mata manhajar lissafi ta Peachtree. A gaban gidan aka buɗe ɗan shago inda ɗalibai ke zuwa da katin kankarewa su duba sakamakon WAEC da NECO, abin da suke biya yana rage mana nauyin kuɗin dish. Kalmar saba ba ta shiga bakin jama'a sosai ba sai a 2019, lokacin shari'ar zaɓen shugaban ƙasa, da aka yi ta gardama a kan sabar INEC. A lokacinmu Alhaji da kansa ya raɗa mata suna. Na yi masa bayani cewa kwamfuta ce da ba mai zama gabanta, ba ta barci, sauran duk wurinta suke zuwa su ajiye su ɗiba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, rumbu ke nan. Kai ne mai rumbu."

Aikin mai rumbu ba a ganinsa sai ranar da bai yi ba. Kafin bakwai na safe nake buɗe ɗakin, kuma kafin in taɓa komai sai in tsaya in saurara. Fanka mai lafiya da wadda ƙura ta fara ci, muryarsu ba ɗaya ba ce. Faifan ajiya in ya kusa mutuwa yakan fara wani ƙas-ƙas siriri kamar ana tauna guringuntsi. Daga kunne sai hanci, ko zan ji ƙaurin roba ko tsamin batirin da ya kumbura. Sai in kai tafin hannu bayan akwatin in ji iskar da ke fita. Bayan nan ne ido ke aiki, a kan 'yan fitilun nan kore masu ƙyaftawa a jikin suwic, kowace tana tsaye a madadin tebur ɗaya. Sannan in zauna in yi abin da nake kira sallama, wato in aika ɗan saƙo ga na'ura in jira ta amsa. In yi wa saba sallama, in yi wa rawuta, in yi wa akwatin dish, sannan in yi wa wata na'ura can a ƙasar waje. Inda amsa ta tsaya, nan ciwon yake. Cikin minti biyu zan iya ce wa Alhaji matsalar a ɗakinmu take, ko a kan rufi, ko kuwa ta fi ƙarfinmu sai haƙuri. Duk abin da na gani in rubuta a wani littafi mai baƙin bango: kwanan wata, zafin ɗaki, ƙarfe nawa aka ɗauke wuta, lita nawa janareta ya sha, wa ya manta kalmar sirrinsa.

Na'urorin nan an ƙera su ne don ɗakin da ke tsakanin digiri 18 da 27, mu kuwa a watan Afrilu ƙasar Sakkwato haura 40 take yi. Shi ya sa ɗakin ya zama shi kaɗai ne mai sanyi a duk layin, har ma'aikata suka sa masa suna ɗakin sanyi. Alhaji yana ofishinsa da fanka da mafici, akwatin ƙarfe yana shan iska mai tsada. Wani dattijo maƙwabcinmu mai ciwon suga a nan yake ajiye allurarsa, kullum da hantsi ya yi sallama in miƙo masa. In hunturu ya shigo kuma sai ƙura, mai laushi kamar garin alkama, wadda ba ƙofar da ke hana ta shiga. Duk Asabar mu fito da kwamfutoci tsakar gida, mu kwance murfinsu mu busa, wuri ya turnuƙe, mu koma kamar masu dawowa daga sussuka. Ita kuwa wuta, da an ɗauke ta UPS zai fara kuka, ƙit, ƙit, yana ƙirga maka mintunan da suka rage. Ko loma na kai baki sai in ajiye in ruga wurin janareta, in tayar da shi, in jira muryarsa ta daidaita kafin in tura sandar canji, don wutar da ta shigo a birkice ta fi rashinta ɓarna.

Zuciyar aikin dai ita ce kwafin ko-ta-kwana. Kowace yamma in an rufe lissafi sai in kwafe shi a wani faifai daban. Tsarin da Malam ya koya mini, Turawa ma da sunan dangi suke kiransa: ɗa, uba, kaka. Na kullum shi ne ɗa, na ranar Juma'a uba, na ƙarshen wata kaka. Uba da kaka ba sa kwana a Boɗinga. In naɗe faifan a tsumma, in sa a aljihun gaba, in hau mota zuwa Shagari, in ajiye a akwatin ƙarfe na mahaifina. Ranar farko da ya tambaye ni mene ne, na yi ta kewaye-kewaye ina neman yadda zan fassara masa. Ya katse ni. "Iri ne ka kawo ajiya." Shi manomi ne. In an yi girbi yakan zauna ya tsince zangarniyar geron da ta fi cika, ba ya haɗa ta da na ci. Wani damin ya rataye a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari, wani ya aika gidan ƙaninsa a wata unguwa, yana cewa gobara ba ta sallama. Kuma ba ya yin mako biyu bai zagaya rumbunsa ba, yana duban sawun gara a gindi, yana ƙwanƙwasa jiki, yana cusa hannu ta baki ya ɗebo ya shinshina. Bai taɓa zama gaban kwamfuta ba har ya bar duniya, amma ban haɗu da wanda ya gane aikina da sauri kamarsa ba.

Ba manoma kaɗai suka san wannan ba a ƙasarmu. A Sifawa, nan kusa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Littattafansu sun iso gare mu ne domin almajirai sun duƙa sun kwafe su da hannu, wani kwafin ya tafi Gwandu, wani Kano, in gara ta ci na wannan gida na wancan yana nan. Kuma mai kwafi na ƙwarai ba ya ajiye alƙalami sai ya yi muƙabala, wani yana karanta asali, shi yana bin nasa layi-layi.

Ni kuwa na yi kwafi ban yi muƙabala ba, kuma na ga sakamakon. Sabarmu tana da faifai biyu tagwaye, abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗaya. Wata shekara ɗayan ya mutu, fitilarsa ta koma ruwan goro, muka aika Legas a sayo wani muna jira. Cikin jiran ne na'urar sanyi ta tsaya a wani daren Afrilu, ba kowa a ofis. Da na buɗe ƙofa da safe, wani huci ya buge ni kamar na buɗe tanda. Ɗan'uwan ma ya bi shi. Hankalina bai tashi ba da farko, tunda ina da kwafi. Na ɗauko na jiya, sunan yana nan, ciki wayam. Na shekaranjiya haka. Na tafi Shagari na ɗauko uba, shi ma haka. Ashe mako uku ke nan abin yana yankewa a tsakiya ban sani ba, domin suna kawai nake gani in rufe in tafi. Kakan watan jiya ne kaɗai ya buɗe. Mako uku na bashin taki, a daidai lokacin da manoma ke ɗiba kafin saukar ruwa, sun tafi.

Na shiga wurin Alhaji ƙafata tana rawa. Ya dube ni ya ce, "Mi yaf faru, ɗana?" Na faɗa masa gaskiya, ban ɗora wa zafi ko wuta ba. Ya yi shiru mai tsawo. Kafin ya buɗe baki, tsohon akawun nan, wanda tun zuwan kwamfuta aka mayar da shi gefe yana buga hatimi kawai, ya tashi ya buɗe durowarsa ya fito da littafi. Ashe bai taɓa daina rubutawa ba. Duk rasiɗin da ya bi ta gabansa sai ya shigar, da biro ja da shuɗi, ba wanda ya sa shi. Dare goma sha ɗaya muka yi, shi yana karantowa ina bugawa, bai taɓa ce mini ga irinta nan ba. Daga ranar, duk Asabar ta farkon wata sai in zuba kwafi a wata kwamfuta daban, in kira shi ya zauna kusa da ni, mu bi sunaye goma mu ga sun yi daidai.

Wanda ya ce wancan zamani ya fi, bai biya kuɗin man janareta ba. Kuɗin dish kaɗai ya isa albashin mutane da yawa, ga saurinsa bai kai na wayar da ke hannun ɗan acaɓa a yau ba. Ƙwayoyin cutar kwamfuta suna yawo a filash daga shago zuwa shago kamar ƙyanda, ɗalibi ɗaya ya soka nasa, zuwa la'asar duk fayilolin gidan sun ɓuya. Da Microsoft ta daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, dubban ofisoshi irin namu haka suka ci gaba da shi, ƙofa a buɗe, don canji kuɗi ne. Akwai jana'izar da ban samu ba, akwai sallar idin da na yi wayata tana ruri a aljihu. Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne babbar kalmar sirri, wadda a kaina kaɗai take. Da Allah ya ɗauki raina a hanyar nan ta Sakkwato zuwa Jega, da lissafin kasuwancin da ke ciyar da gidaje masu yawa ya kulle. Na kuma san abokan sana'a da wannan ya shiga kansu, suka riƙa ja wa iyayen gidansu rai, ko suna leƙa abin da ba a ba su izinin gani ba. Dukiyar mutane ba ta cancanci ta rataya a wuyan mutum ɗaya haka ba.

Canjin bai zo rana ɗaya ba. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, kuɗin intanet ya fara sauka. Modem ɗan ƙarami kamar yatsa ya kori dish. Aka kawo tsarin rage yawo da tsabar kuɗi a 2012, BVN a 2014, daga baya masu POS suka cika gindin bishiyoyi, har ranar kasuwa a Shagari mai sayar da akuya yana jiran alat kafin ya saki igiya. Manhajojin lissafi suka koma abin da ake kira girgije. Ni na bar aikin a 2015, sabar ta ƙara 'yan shekaru kafin a kashe ta. Ribar a fili take. Gobara ba ta cin littafin bashi yanzu. Ɗan Alhaji yana Makka yana ganin abin da aka sayar a Yabo. Faranti biyu na sola da inbata sun ɗauke abin da janareta ke yi yana hayaƙi. Matar da ke sayar da atamfa daga cikin gida tana da lissafin da a zamanina sai mai ɗakin sanyi.

Sunan girgijen nan ne yake ruɗar mutane, har su ɗauka abin yana shawagi ne a sama ba mai riƙe da shi. Ɗakin sanyi ne irin nawa, sai dai ya ninka shi sau dubbai, yana Legas, ko Afirka ta Kudu, ko Turai, kuma a daidai wannan lokaci akwai wani a ciki yana duban fitilu yana sauraren fankoki. Aikin yana nan, ƙaura ya yi. Rumbunmu ne ya koma gidan wasu muna biyan haya, sau da yawa da dala, kuma tsakaninmu da hatsinmu akwai doguwar hanya da ba mu da iko da ko taku ɗaya nata.

Mun ga hakan da idonmu. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Ba na jayayya da dalilin, rai ya fi ciniki. Amma ɗan kasuwar da lissafinsa ke girgije a waɗancan garuruwa, yana zaune a cikin shagonsa, bai iya ganin wanda yake bi bashi ba, alhali tsohuwar sabata ba ta buƙatar duniya kafin ta gaya wa akawu abin da ke sito. A farkon 2023, bayan an canza takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma taransifa a lokaci ɗaya, na'urorin bankuna suka riƙa nishi, kuɗi ya fita nan bai isa can ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, ana farkon azumi, wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, mai POS a Boɗinga ya wuni yana ba mutane haƙuri a kan abin da ya faru a ƙarƙashin ruwan da bai taɓa gani ba. Manya ma ba su tsira ba: a watan Yuli na shekarar, gyara ɗaya da kamfanin CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfuta wajen miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi. Da na ji labarin sai na tuna Malam, wanda ba ya yarda a sa sabon abu a kan dukan kwamfutoci rana ɗaya, sai an gwada a ɗaya ta kwana.

Yau duk wannan magana biyu ce a bakin mutane: babu netwok. Ciwo goma ne ke ƙarƙashinta. Ko data ce ta ƙare, ko batirin rawuta, ko man ƙarfen sabis, ko masu aikin hanya sun tsinke wayar faiba, ko sabar banki ce ta cika. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mu yanzu ɗigar kawai muke ji a ka. Wannan sanin ne nake jin zafin tafiyarsa, fiye da gunjin fankoki.

Ba wai yaran yanzu ba su iya ba ne. Sun fi ni hannu. Tun da Starlink ta shigo Nijeriya a watan Janairu na 2023 nake ganinsu a kan rufi da ɗan faranti kamar tire, cikin awa ɗaya sun gama abin da ke cin mu kwana uku, suna sayar wa unguwa intanet awa-awa. A cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, akwai masu haɗa kwamfuta fiye da ɗari biyu a kan saba ɗaya, su kwana suna gwaji don kada ta yanke wa yaro yana tsakiyar amsa. Sai dai kusan duk wanda na zanta da shi, kuɗin kafawa ake biyansa da kuɗin gyara. Ba mai biyansa ya zo da safe ya saurara alhali komai lafiya. Wanda kuwa ba a biya don kiwo ba, ba zai ɓata lokaci yana rubuta lamba a bakin waya ba.

Da shayi ya zo na tambayi ɗan Alhaji, da adireshin wa aka buɗe asusun lissafin nan? Ya yi jim. Wani yaro ne ya buɗe musu, ya daɗe da komawa Kaduna. In an manta kalmar sirri, layin wa lambar tabbatarwa ke zuwa? Na yaron. Mutum nawa ke iya shiga? Muka buɗe muka ƙirga, suna tara. Biyu sun bar aiki, ɗaya ya rasu bara. Masu sito uku kuma kalma ɗaya suke amfani da ita, an rubuta ta a jikin kalandar bango inda duk mai ɗaukar kaya ke gani. Ba gara, ba zafi, ba ƙura, amma rumbun a buɗe yake ta baya. Muka yi sallar la'asar muka zauna. Aka kira yaron, ya amsa da mutunci, ya turo lambar, muka mayar da komai kan layin maigida. Muka cire sunayen da suka kamata a cire, kowane mai sito ya samu tasa kalmar. Babbar kuwa na sa ya rubuta ta da hannunsa a takarda, ya liƙe a ambulan, ya shiga cikin gida ya damƙa wa Hajiya.

Sannan na ce ya sauko mini da kwafin lissafin gaba ɗaya a filash. "Kawu, ai ba abin da zai same shi can." Na ce na sani, ya dai sauko da shi. Cinikin shekaru, bai kai shan kofin shayi ba ya gama. Na sa ya soka a wata kwamfuta daban, ya buɗe, na kira sunaye goma yana dubawa. Suka yi daidai. Na karɓa na sa a aljihun gaba.

Ana kiran magariba na isa Shagari. Akwatin ƙarfen mahaifina yana ɗakina yanzu, da na buɗe har tsumman nan yana ciki. Na naɗe filash ɗin na ajiye. Kafin mu rabu na ce masa ya riƙa aiko da sabo duk Juma'a, ni kuma in mayar masa da na baya. Juma'ar da ta biyo bai aiko ba. Ta bayanta, ina fitowa daga masallaci, wani yaron mota ya tare ni da ɗan ƙulli a leda, an manna takarda a jiki, an rubuta kwanan wata da biro.